Shimfiɗar Mai Tari

A ƙarshen layin masu gyara, inda kwalta ta ƙare ƙasa ta karɓa, akwai wani tsoho da kowa ke kira Sannu-Sannu. Ba sunan yanka ba ne, amma ya bi shi har ya danne na yankan. Gyaran rediyo ne sana'arsa tun yana saurayi. Ya koya a hannun wani maigida mai zafin rai wanda ba ya koyarwa da baki, sai dai ka tsaya ka zuba ido, in ka yi kuskure ka ji ranƙwashi. Ya ga zamanin da rediyo ke da girman akwatin tufafi, ya ga lokacin da ta ƙanƙance ta shiga aljihu, ya kuma ga ranar da mutane suka daina kawo gyara, abu na lalacewa su jefar su sayi sabo. Bai yi fushi da zamani ba. Ya rufe ƙofar shagon ta waje, ya fasa wata ta cikin gida, shagon ya koma ɗakinsa.

Akwai wasu mutane, ba su da yawa, da hukuma ke ba lasisi su kafa 'yar tashar rediyo a gida. Ba waƙa suke sawa ba, ba labarai suke karantawa ba. Hira kawai suke yi da irinsu a nesa. Sannu-Sannu yana cikinsu, cikin ma 'yan tsirarun da suka ƙi sabbin na'urori suka liƙe wa tsofaffin akwatuna masu 'yan kwalaben nan da ake kira bawul a cikinsu, waɗanda ke aikawa ta tsohuwar hanyar nan da ake kira AM. Yakan ce tasha abu biyu ce, baki da kunne. Akwatin aikawa shi ne baki, akwatin saurare shi ne kunne. Sauran duk ado ne.

Irin waɗannan akwatuna ba a samunsu a kanti. Daga gidan wanda ya rasu suke fitowa, ko ɗakin ajiyar wata ma'aikata da aka rufe, ko wurin 'yan gwangwan. Shi kuwa yana da yadda yake zaɓe, ba ya canzawa. Zai fara sunsunar bayan akwatin, don wanda ya taɓa ƙonewa ba ya rabuwa da ƙauri ko ya shekara nawa. Sai ya ɗaga gefe guda ya ji nauyi. Sai ya duba kawunan kusoshi. In sun cinye, hannu ya shiga da yawa, kuma ba kowane hannu ne na alheri ba. Bayan haka ba ya jona shi da wuta kai tsaye. Yana da wani ƙwan fitila da yake sawa tsakanin akwatin da bango, wuta ta bi ta cikinsa tukuna. In ƙwan ya haska ya kuma dushe, lafiya. In ya haska ya tsaya tar, akwai ciwo a ciki, sai a cire.

"Wanda ya daɗe yana barci ba a tashinsa da ihu," in ji shi.

In zai sa hannu ciki kuwa, ɗayan hannun yana aljihu, saboda waɗannan akwatuna suna riƙe wuta a cikinsu ko an zare su daga bango. Da yawa sun ɗauka akwati ya mutu, suka taɓa, ya nuna musu yana nan.

Abu na ƙarshe shi ne wanda abokansa ke masa dariya a kai. Ba ya murɗa allurar neman tasha sai ya fara sauraren inda mai akwatin ya bar ta. Yakan ce nan ne mutumin ya yi zamansa na ƙarshe, ba a shiga ɗakin mutum a fara jan kujeru.

Cikin akwatunan saurarensa akwai biyu da suka fi shiga ransa. Ɗaya ƙarama ce, fes da ita, yana kiranta 'Yar Gayu. Ɗayar Giwa. Daga wani tsohon jirgin ruwa da aka farfasa ta fito, sai ƙarti biyu sun yi nishi suke ɗaga ta, fentinta ya ɓaɓɓake, tana ɗaukar lokaci kafin ta yi ɗumi. Amma abin da Giwa ke ji, 'Yar Gayu ko a mafarki. A goshinta akwai wata 'yar kwalba mai koren haske kamar idon kyanwa. In ba kowa a iska idon a buɗe yake, in ta kama wani sai ya lumshe. Wannan ido ya yi wa Sannu-Sannu rana, don kunnensa na hagu ya riga ya yi sallama, na daman ma yana ɗaure kaya.

Matarsa ba ta shiga ɗakin sai da tsintsiya. Bango ɗaya ne tsakaninsa da inda take girki, saboda haka duk hirar da aka yi shekara da shekaru ta sha ta ba da sonta ba.

"Malam, mutanen nan naka ba su da mata ne? Kullum eriya, eriya, ƙafata na ciwo, eriya."

"Suna da su, Tsohuwa. Shi ya sa suke gudowa iska."

"Tsohuwa ce ta haife ka. Ɗaga ƙafarka in share."

Akwai wani abu game da tsohuwar hanyar nan da ya kamata a sani. Akwatin aikawa makunni biyu gare shi. Na farko ɗumama kwalabe kawai yake yi, su yi ja kamar garwashi, ba abin da ke fita. Na biyu shi ke sakin babbar wuta, akwatin ya hau iska. Kuma da an ɗaga na biyun, tun mutum bai buɗe baki ba, mai saurare a can nesa zai sani. Shuuu ɗin nan da rediyo ke yi kamar ruwan sama a kan kwano sai ya ɗauke ɗif, wuri ya yi tsit. Sannu-Sannu yana kiran wannan shirun shimfiɗa. Akwati ya fara yin shimfiɗa a iska, sannan murya ta zo ta zauna a kai.

Kowane tsohon akwati da irin shimfiɗarsa, kamar yadda kowane mutum da takunsa. Wadda ya fi sani a duniya ita ce ta Mai Tari.

Mai Tari wani mutum ne a wani gari mai nisa, bayan duwatsu. Ba su taɓa ganin juna ba. Sun haɗu a iska tun 'ya'yansu na rarrafe, suka ɗauki wani gurbi a jikin allura ya zama nasu, kullum bayan la'asar. Akwatinsa ƙarami ne, muryarsa tana isowa a gajiye, Giwa ce kaɗai ke iya tsamo ta. Da farko za ka ji ƙwas, sai shuuu ya ɗauke, koren ido ya lumshe. Can ƙasa-ƙasa akwai wani gunji kamar ƙudan zuma a cikin tulu. Sannan shimfiɗar ba ta zama wuri ɗaya, tana ɗan zamewa sama yayin da akwatin ke ƙara ɗumi, sai ka bi ta da yatsa a hankali. Daga nan sai tari biyu, gajeru, busassu, kafin sallama.

"Sannu-Sannu, kana nan ko an kai ka gidan tarihi?"

"Ina nan, Mai Tari. Sun zo ɗauka suka ce kai za su fara kaiwa."

Ba wata magana mai nauyi suke yi ba. Ruwa ya sauka ko bai sauka ba, wane bawul ne ya mutu, wace jika ce ta yi haƙori. Wani lokaci ma maganar kan ƙare, Mai Tari ya bar akwatinsa a kunne ya yi shiru, shi ma Sannu-Sannu ya yi shiru, su zauna haka kamar tsofaffi biyu a kan benci ɗaya.

Wata rana bai zo ba. Kashegari ma haka. Sannu-Sannu ya ce ko bawul ne. Da abin ya yi tsawo sai ya tambayi Direba, wani tsohon matuƙin jirgin ƙasa da ke cikin masu hirar safe a iska, wanda ya san kowa da garin kowa. Direba ya amsa ba wasa a muryarsa, abin da ba halinsa ba.

"Ashe ba ka ji ba. Mai Tari ya riga mu. Kwanciya ya yi bai tashi ba. Allah ya jiƙansa."

Sannu-Sannu ya amsa da amin, ya sauke makunni. Bai yi kuka ba. Sai dai la'asar na yi ƙafarsa ta kai shi ɗakin, hannunsa ya kunna Giwa, don allurar tana inda aka bar ta, shi kuma ba mai jan kujeru ba ne. Haka ya riƙa yi. Ya zauna, ya sha shuuu har rana ta yi ja a jikin taga, ya kashe.

Damina ta wuce. Wata la'asar yana zaune yana goge wani bawul da gefen rigarsa, sai ya ji ƙwas.

Shuuu ya ɗauke. Ya ɗaga kai, koren idon ya lumshe.

Ya ajiye bawul ɗin a hankali kamar ƙwai. Ya kai kunnen dama jikin lasifika. Ga gunjin nan, ƙudan zuma a tulu. Ya ɗora yatsa a kan abin murɗawa, bai murɗa ba, yana jira. Shimfiɗar ta fara zamewa sama. Ya bi ta da yatsa yadda ya saba, yana jiran tarin. Ba tari, ba sallama. Shimfiɗa ce kawai, an yi ta an bari, kamar mutum ya turo ƙofa ya tsaya a bakinta yana kallonka. Can sai ƙwas, ruwan sama ya dawo kan kwano, idon ya buɗe.

Shi mai gyara ne, saboda haka abin da ya fara zargi Giwa ce. Tsohon akwati yakan ƙirƙiri abu a cikinsa ya ji kayansa. Da la'asar ta kashegari, shimfiɗar na zuwa ya zare wayar eriya daga baya. Ta ɓace. Ya mayar, ta dawo. Daga waje take. Ya kunna 'Yar Gayu a gefe, ita shuuu kawai take yi abinta. Ya ɗaga makunnin nasa akwatin, ya yi sallama, ya ce wane ne a gurbin nan. Ya sauke ya saurara. Shirun nan dai, da gunjinsa.

Ya gaya wa Direba. Direba ya ce zai kasa kunne, ya kuma kasa, bai ji komai ba.

"Sannu-Sannu, kunnen nan naka da ya ƙi jin masu rai, yanzu matattu ya koma ji? Je ka a wanke maka shi."

Bai ƙara gaya wa kowa ba. Matarsa dai ta lura ya daina cin abincin rana da kyau, kuma in la'asar ta kusa ba ya jin kira.

Ana cikin haka mai gidan da suke haya ya aiko cewa zai rushe layin ya gina shaguna. 'Yarsu, wadda Sannu-Sannu ke kira Uwata don sunan mahaifiyarsa gare ta, ta zo da mijinta ta ce magana ta ƙare, gidanta za su koma. Ta shiga ɗakin akwatunan ta tsaya ta riƙe ƙugu. Babban akwatin aikawarsa yana tsaye a kusurwa, ya kai tsawon mutum.

"Baba, wannan kam ko ta taga ba zai shiga ba. Akwai lungu ƙarƙashin bene, tebur ɗaya yake ci. Abin da ya hau teburin naka ne. Ƙasa kuwa a'a, yara na rarrafe, kai da bakinka ka ce abubuwan nan suna riƙe wuta."

"Na ce."

"To ka zaɓa."

Ya je ya ga lungun, ya auna teburin da taƙi. Lissafin ba wuya. 'Yar Gayu da wani ƙaramin akwatin aikawa za su zauna gefe da gefe, ga baki ga kunne, tasha cikakkiya, ya ci gaba da hirar safe da su Direba. Ko kuwa Giwa ita kaɗai ta cinye teburin, kunne ba baki. In ya ɗauki na farko, ba zai ƙara jin shimfiɗar ba. In ya ɗauki Giwa, ba wanda zai ƙara jin muryarsa a iska.

Matarsa ba ta ga abin tunani a ciki ba.

"Ɗauki ƙananan mana. Wannan ƙatuwar mai idon mage, ni tun ranar da aka shigo da ita ban yarda da ita ba. In ina shara sai in ga kamar bina take da kallo."

"Ba ta kallon mai shara, Tsohuwa."

"Au, wa take kallo?"



Ya kwana biyu yana juya abin, sannan ya ce wa kansa mai gyara ba ya yanke hukunci a kan akwatin da bai buɗe ba. Ya karɓi kwatancen gidan Mai Tari wurin Direba, ya roƙi surukinsa ya kai shi. Suka kama hanya da sassafe, suka haye duwatsun, rana ta take tsaka suka shiga garin. Gidan yana bayan wani tsohon gidan mai da aka daina amfani da shi. Tun daga waje idon Sannu-Sannu ya tafi sama, inda eriya ya kamata ta kasance. Sandar tana nan, ba waya. Da suka shiga tsakar gida ya ga wayar. An ɗaure ta daga taga zuwa bishiya, an shanya zannuwa a kai.

Wata tsohuwa 'yar siririya ta fito tana goge hannu. Ya yi sallama, bai kai ga faɗin ko shi wane ne ba ta dafe ƙirji.

"Sannu-Sannu! Wallahi muryar ce. Ashe gajere ne kai. Ni duk na ɗauka wani ƙato ne."

"Akwatin ne ƙato, 'yar'uwa. Ya haƙuri?"

"Haƙuri sai ma'abucinsa. Shigo, shigo. Yaro, kai ma shigo, kada rana ta cinye ka."

Surukin, mai furfura a gemu, ya yi murmushi ya ce zai jira a mota.

Bayan gaisuwa da addu'a ta kai shi ɗakin. Ƙarami ne, taga ɗaya. Kujera mai hannu, matashinta ya lotsa da siffar mutumin da ya daɗe a kai. Kofi a kife. Tabarau a kan tebur, an ɗaure ƙafarsa ɗaya da zare. Sannu-Sannu ya tsaya a bakin ƙofa. Shekaru yana jin wannan ɗaki, bai taɓa tunanin yana da labule mai furanni ba.

Akwatin aikawar yana kan tebur, an goge shi tas.

"Ni ke goge shi," in ji ta. "Kuma ina kunna shi kullum bayan la'asar. Tun yana da rai yake ce mini, in na rigaye ki kada ki bar shi ya yi sanyi, damshi ke kashe su. To ina ɗumama shi. In zauna nan a kujerar in ga kwalaben sun yi ja, in ɗan jima, in kashe."

Wani sanyi ya sauka a ƙirjin Sannu-Sannu, irin na wanda ya sauke kaya. Har ya ji dariya na neman kufce masa. Ashe wannan ce. Tsohuwa ce ke ɗumama akwatin mijinta, ba ta san tana hawa iska ba. Eriya ta faɗi, amma ɗan guntun waya ma yakan yi abin mamaki in iska ta yi kyau, Giwa kuma ba ta raina kaɗan.

"Kin ba ni tsoro, 'yar'uwa. Kullum ina jinki a can. Kina ɗaga na biyun ke nan."

"Wane na biyu?"

"Makunni na biyu. Wannan na dama."

"A'a. Wannan ya ce ko da wasa kada in taɓa, wutarsa kisa take. Na hagu kaɗai nake ɗagawa."

"Ko da kuskure? Wurin gugar nan?"

"Malam, ina zagaye shi ne da tsumma kamar miki. Duba mana ka gani."

Ya sa tabaransa ya sunkuya. Zanzaro ya yi gini a kan makunni na biyu. Ɗan ɗakin laka ne ya haɗe sandar makunnin da jikin akwatin, ya bushe ƙayau, har mai ginin ya fasa ƙofarsa ya fita tuntuni. Ko tsaga babu a jikinsa. Da an ɗaga makunnin sau ɗaya, da ya ruguje.

Ya daɗe a sunkuye. Sannan ya yi abin da ya iya. Ya sa hannu ɗaya a aljihu, ya leƙa bayan akwatin, ya sunsuna. Ba ƙauri. Kusoshi lafiya, hannu ɗaya ne ya taɓa shiga cikinsa. Inda wayar eriya ke shiga kuwa ba komai, rami ne kawai da yanar gizo-gizo. Ya dawo gaba ya dubi allurar. Tana kan gurbinsu.

"Yaushe eriyar ta faɗi?"

"Iskar farkon damina. Ban sami mai hawa ba, na ce bari ta yi wani amfanin." Ta dube shi da kyau. "Lafiya? Ka ce kana jina. Me kake ji?"

Ya dube ta. Matar nan ita kaɗai take kwana a gidan, ita ke zama a kujerar nan kullum.

"Tsufa ne, 'yar'uwa. Kunnen ya fara yi mini ƙarya."

Ta gyaɗa kai kamar ba ta gamsu ba, amma ba ta ja ba. Ta shafa saman akwatin.

"Ya ce in ya gagare ni in ba ka. Ya ce kai kaɗai ne ba za ka tashe shi da ihu ba. Ga mota kun zo da ita."

Ƙaramin akwati ne, zai zauna daidai a gefen 'Yar Gayu. Mai kyau ne kuma, irin wanda ake shekaru ana nema. Sannu-Sannu ya ga teburin ƙarƙashin bene a ransa, ga baki ga kunne. Ya kuma ga kansa yana fasa ginin zanzaron da yatsa, yana murɗa allurar zuwa wurin hirar safe.

"Ya gagare ki?"

"Bai gagare ni ba. Shi ne ma abin da ke sa in san la'asar ta yi."

"To bar shi inda yake. Ki ci gaba da ɗumama shi. Na hagu kaɗai."

Ta ce su tsaya la'asar ta kusa, ya ga yadda kwalaben ke ja. Ya ce hanya da nisa. Gaskiya ce, amma ba ita ce ta fitar da shi daga ɗakin da sauri haka ba. A mota surukin ya tambaye shi ko an dace, ya ce an gaisa.

Da safe ya hau iska da babban akwatinsa, karo na ƙarshe. Ya gaya wa su Direba cewa daga yau zai riƙa jinsu, su ba za su ji shi ba. Ya raba akwatunan a tsakaninsu, kowa da wanda zai iya riƙewa, 'Yar Gayu ta tafi wurin Direba.

"Kai dai ba ka da dabara," in ji Direba. "Ka ba da baki ka riƙe kunne, kunnen ma na kurma. To shi ke nan. Kullum za mu gaishe ka, in ka ga dama ka amsa a zuci. Zaginka ma za mu yi, tunda ba ka da bakin ramawa."

Ranar tashi ƙarti biyu suka ɗauko Giwa suna nishi suna tambayar ko duwatsu aka zuba a ciki. Uwata ta ga ta cinye teburin kaf.

"Baba, wannan ce zaɓin? Da me za ka yi magana?"

"Na yi magana ta ishe ni, Uwata."

Surukin ya hau rufi ya ja masa waya. Sannu-Sannu bai jona ta kai tsaye ba duk da jiya-jiya take aiki, sai da ya bi da ita ta ƙwan fitila, don ta sha jijjiga a hanya. Ƙwan ya haska ya dushe. Da safe yakan murɗa ta wurin su Direba ya sha zagi yana murmushi, kafin azahar ya mayar da allurar gurbinta.

Lungun ba shi da ƙofa, kuma a nan kusa matarsa ta sami wurin ajiye kujerarta, inda iska ke ratsawa. La'asar ta farko tana zaune tana ɗinke maɓallin rigar jika, tana mitar cewa an baro gida an baro komai amma ba a baro mai idon mage ba. Shuuu ya cika ƙarƙashin benen. Sannu-Sannu yana zaune, hannayensa a kan gwiwa. Sabon wuri ne, sabuwar eriya, ta fuskanci wani gefen dabam. Bai sani ba ko za a same shi a nan.

Rana ta sauko ta kwanta a matakala ta uku. Sai ƙwas.

Idon ya lumshe. Ya ɗora yatsa, shimfiɗar ta zame sama, ya bi ta. Ya kai kunnen dama jikin lasifika, gunjin ma yau da ƙyar yake tsinkayarsa, kunnen ya ƙara nisa. Bai damu ba. Ya jingina da bango ya yi shiru, aka yi shiru da shi, kamar dā.

Matarsa ta ciji zare ta tsinke, ba ta ko ɗaga kai ba.

"Wannan abokin naka," ta ce, "har yanzu bai nemi maganin tarin nan ba?"